Daga Illela Zuwa Illela

Tun ranar da na komo gida ban sha ruwa da daɗi ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Hassana, wai da gaske ne an yi gunkinki a Malbaza?" Wata ma cewa ta yi ta ji har Najeriya anka kai ni anka auna kaina da igiya. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ta ɗauki nata guntu ta ƙara masa gishiri. Bari in faɗe shi daga tushe, iyakar abin da na gane, don akwai abubuwa da yawa da har yau ban gane ba.

Ni da Husaina tagwaye ne. Muna ƙanana kawunmu da ke aiki a gidan siminti na Malbaza ya ɗauke ta riƙo, ni anka bar ni Illela wurin Inna. Ita ta yi karatun lakwal, ni na yi tallar fura. Sai da salla muke ganin juna. Mun taɓa jin ana cewa tana wani wasa da ake jefa ƙwallo cikin kwando, Inna ta ce Allah ya shirya, magana ta ƙare a nan. Daga baya ta yi aure can, ciwo ya kama ta, anka maido ta gida, ta rasu a ɗakin Inna ba ta kai shekara talatin ba. Ni kuwa ga ni yau da jikoki.

Wata safiya ina tankaɗe sai waya ta yi ƙara. Muryar mace ce, mai kauri.

"Sunana Zali. Tare munka yi wasan ƙwallon baske da Husaina."

Ta ce tsofaffin ƴan wasan garinsu sun kafa komite, za su gina abin tunawa a bakin fili don mutum uku da sunka fi kowa ɗaga sunan ƙungiyar: Mushe Idi, malamin da ya koyar da su, Dogo Sale na wajen maza, da Husaina. Hoton Husaina guda ne ya rage, shi ma ruwa ya cinye fuskar. An gaya musu kamarmu ɗaya, shi ya sa suke so in zo mai aikin ya dubi fuskata.

Na ce, "Gunki za ku yi mata?"

"Ba gunki ba ne, monima ne."

"Mi ne ne bambancin?"

"In kin zo kya gani."

Na kai wa maigida maganar. Ya murza gemu, sannan ya ce in tafi in gani da idona, in abin saɓo ne in ɗauko ƙunshina in komo. Ni kaina raina biyu ne. Ina tsoron in sa hannu a ɗora wa mamaciya abin da zai dame ta a kabari. Kuma, ba na ɓoye muku, ina son in sake ganin fuskar nan.

Na shiga motar hiyas zuwa Badagishiri, daga nan anka zuba mu cikin wata mai bi ta Tsarnawa zuwa Malbaza. A damana wata Bafillatana ce rungume da ƙwaryar nono, a haguna wani soja da ya zo hutu. Da ya ji abin da zai kai ni, shi ya yi mini bayanin wasan. Ya ce ana rataye kwandon ne a sama, kuma ba shi da gindi.

Na ce, "To in an jefa ƙwallon ba faɗowa yake yi ba?"

"Faɗowa yake yi, Inna."

"To mi anka yi ke nan?"

Mota ta ɗauki dariya. Daga nan gardama ta tashi a kan kaina kamar ba na wurin. Direba ya ce duk abin da anka sassaƙa da siffar mai rai haramun ne. Wani tsoho a baya ya ce shi ya ga na raƙumin dawa tsaye a bakin hanya a Yamai, kuma bai ga wanda ya tsaya ya yi masa sujada ba. Direba ya waiwayo zai ba shi amsa, mota ta faɗa rami, nonon Bafillatana ya ƙare a kan atamfata ta fita biki. Ita ta fi ni kuka. Haka na isa Malbaza ina tsami, ƙudaje na yi mini rakiya.

Malbaza gari ne da ko ganyen itace fari ne saboda ƙurar siminti, manyan motoci kuma ba su barin mutum ya ji abin da ake gaya masa. A tasha na tarar da Zali, doguwar mace da tabarau, tsohuwar ungozoma ce a gidan likita. Ta tsaya tana kallona. Can ta ce, "Taka in gani." Na taka.

"Fuska dai ita ce. Tafiya ba ita ba ce. Husaina ba ta tafiya kamar mai neman gafarar ƙasa."

Ban san ko yabo ne ko zagi ba, na ce to.

A gidanta anka zaunar da ni a kan kujera gaban tebur, anka ba ni cokali mai yatsu da ɗanyen ganye an shafe shi da wani farin mai. Mu a gida ganye sai an dafa an kwaɗa shi da ƙuli. Na ci don kunya, na jira tuwo, ashe makaroni ne zai biyo baya. Da la'asar tsofaffin ƴan wasan sunka yi ta shigowa, maza da mata, masu furfura, suna tafa hannu da juna kamar yara. Kowa ya gan ni sai ya ja da baya, sannan ya ce, "Kunama!" Wai sunan da suke kiran Husaina ke nan. Sunka ce ba ta da tsawo amma tana shiga tsakanin dogaye ta fito da ƙwallo. Sunka ce a garin Tawa ta taɓa ƙwace usur daga bakin alƙalin wasa ta jefa shi bayan katanga. Sunka ce in sun ci wasa, ita ke hawa saman mota tana waƙa har gida.

Na ce ko dai wata Husainar suke nufi. Tawa Husainar in ta zo salla ko ido ba ta ɗagawa gaban Baba, murya kamar ta mai ciwon haƙori. Sunka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Ciki ɗaya munka kwanta da ita, ga baƙi sun fi ni saninta.

Kafin magariba Zali ta kai ni in gaida Mushe Idi. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun tafi, yana zaune a ƙofar gida da rediyo a cinya. Da na gaishe shi ya kashe rediyon. Bai ba ni labarin wasa ba kamar sauran. Tambaya guda ya yi mini.

"Ɗiyata, ta sha wuya a ƙarshe?"

Na ce ta sha, amma ba ta yi raki ba. Ya gyaɗa kai, ya ce haka take.

Da safe munka je fili don mu gamu da mai aikin, wani Danladi. Ga dakalin siminti an gina, ga ƙarafa sun fito daga samansa, babu Danladi. Zali ta kira shi, na ji muryarta tana hawa. Da ta kashe wayar ta cire tabarau ta share fuska.

"Yana Illela yana jiran ki."

"Illela kuma? Ai daga can nake."

"Ba taku ba. Ta Najeriya."

Ashe da komite sunka ce masa ƴar'uwar marigayiya tana Illela, shi kuma a Illelar da ke bayan iyaka yake da wurin aiki, sai ya ce madalla, ta zo ta same shi. Su sun ɗauka zai zo, shi ya ɗauka maƙwabciyarsa ce ni. Kayan aikinsa duk suna can, ba su ɗaukuwa a rana guda. Na ce ni fa kwana guda na roƙa a gida. Zali ta kira maigida da kanta, ban san abin da ta gaya masa ba, na dai ji yana cewa Allah ya kiyaye hanya.

A Konni munka sauka munka hau kabu-kabu. Ban taɓa ganin babura da yawa haka ba, kowane da jarkoki ko buhuna ko mata biyu a baya. Na riƙe rigar mai babur har na ji ta yage kaɗan, ban gaya masa ba. A bakin iyaka wani ma'aikaci ya karɓi katina yana juya shi.

"Daga ina?"

"Illela."

"Za ki ina?"

"Illela."

Ya ɗago ya dube ni. "Hajiya, da rana tsaka za ki yi mini wasa?"

Sai da Zali ta sa baki da Faransanci sannan ya miƙo mini katin yana girgiza kai.

Na ɗauka in na taka Najeriya zan ga wata duniya. Sai na ga fuskokinmu, na ji maganarmu, har tsagar wasu irin ta dangin Inna. Sunayen abubuwa ne kawai sunka sauya. Lakwal ta koma makaranta, buro ya koma ofis. Burodinsu laushi da zaƙi kamar na biki, shayi kuma a wani ƙaton kofi suke ba mutum, kamar za a yi alwala da shi.

Danladi mutumin Zuru ne, gajere mai fara'a, Mama yake ce mini. Gidansa cike da tukwanen fure na siminti, da wata mikiya, da doki da ba a sa wa kai ba tukuna. Na yi a'uzubillahi a zuci na shiga. Su Kirista ne. Matarsa, Maman Talatu, ta share mana ɗakin ɗiyarta, ta kawo buta, ta shimfiɗa darduma, ta nuna mana gabas ba mu tambaya ba. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar manja da busasshen kifi. Abincin da na fara ƙoshi da shi ke nan tun da na bar gida.

Washegari ya zaunar da ni a inuwa, matarsa a kusa da ni, ya ɗauko takarda da fensir. Ya roƙe ni in ɗan ja lulluɓi baya goshi ya fito. Ya ce zai zana ni ne ya rage shekaru. Zali na tsaye a kansa.

"Ka buɗa mata ido. Husaina ba ta kallon ƙasa. Hassana, yi dariya."

"Dariyar mi?"

"Ke dai yi."

Na buɗe haƙora. Zali ta ce in rufe.

Danladi ya aje fensir ya ce, "Mama, ke kika fi kowa saninta. A ina kuka bambanta? Ko tagwaye ai ba su rasa wani abu."

Na rufe ido in gan ta. Fuska biyu kawai ke zo mini: wadda ciwo ya ramar a ɗakin Inna, da tawa ta cikin madubi. Ta tsakanin, wadda mutanen Malbaza ke ba da labari, ba ni da ita. Na ce masa ban sani ba. Maman Talatu ta dafa mini gwiwa.

Da ya gama ya juyo mana da takardar. Zali ta ce wannan ba Husaina ba ce. Ni kuwa na gane ta sarai. Ni ce, ranar da anka kai ni ɗakin miji.

Muna cikin haka wayar Zali ta yi ƙara. Shugaban komite ne. Wai sun zauna da limamin unguwa da dattawa, an yi magana ta fahimta, an tsaya a kan ba za a yi fuskar kowa ba. Zali ta zauna a kan wata tukunyar fure. Ni na rasa abin da zan ji. Nauyin da na taso da shi daga gida ya sauka, amma kuma kamar an ƙwace mini wani abu da ban riga na riƙa ba. Na ce to sai in kama hanya.

Danladi ya ce a dakata. Ya tambayi Zali da mi ake wasan nan. Ta ce da hannu mana. Ya ce to a yi hannuwa uku sun ɗaga ƙwallo guda, babu kai babu jiki. Anka sake kiran Malbaza, anka jira, amsa ta zo cewa liman ya ce hannu shi kaɗai ba shi da laifi.

Haka anka bar fuskar da na ɗauko tun daga Illela anka koma kan hannuna. Ya ce in cire zobe, zobe ya ƙi fita, ya shekara da shekaru a wurin. Munka sa sabulu, munka sa zare, ya ƙi. Ya ce a bar shi. Maman Talatu ta shafe mini hannu da man gyaɗa har gwiwar hannu, Zali ta buɗa mini yatsu ta tanƙwara wuyan hannun baya, ta ce haka Husaina ke sakin ƙwallo. Sannan ya lulluɓe hannun da wani farin kwaɓi kamar alli, ya ce kar in motsa. Abin ya fara ɗumi yana kama ni. Daidai nan anka kira azahar, hancina kuma ya tashi da ƙaiƙayi. Zali ce ta sosa mini. Na zauna ina tunanin in mutanen unguwarmu sunka gan ni haka, mi zan ce musu.

Sai da munka ƙara kwana biyu kafin simintin da ya zuba a ciki ya bushe. Munka naɗe hannun da tsohon zane munka sa a kwali, ni da Zali da Danladi munka kamo hanya. A wajen ƴan duwan, masu binciken kaya na ɓangarenmu, wani ma'aikaci ya ce a buɗe. Daga jin Hausarsa ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga yamma anka kawo shi. Ya yaye zanen, ya ga hannun mutum da zobe, ya ja da baya.

"Wannan na wane ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya ɓata rai. "Madam, nan ba a ciniki. Ni ban tambaye ki kuɗi ba. Na ce na wane ne?"

"Ai shi na gaya maka. Nawa ne."

Ya kira babbansu. Sai da na ɗaga hannuna na jera shi da na kwalin, zobe ya yi daidai da zobe, sannan babban ya fashe da dariya ya ce mu wuce. Shi na farkon har munka yi nisa yana kallon hannuwana, kamar yana ƙirga su.

A Malbaza Danladi ya ɗauki hannun Mushe Idi kamar yadda ya ɗauki nawa. Dogo Sale kuwa yana Abijan, ƙafa ta hana shi tafiya, sai anka samo wani dogon mai lodin siminti anka ari nasa. Na tambayi Zali, yanzu a hannu uku guda ne kawai na mai shi? Ta ce in bar wannan maganar a cikina. Na so in tafi gida, ta ɓoye mini ƙunshina ta ce sai an buɗe.

Ranar buɗewa anka kafa rumfuna a bakin fili, anka zaunar da ni a gaba kusa da manya. Anka yi ta jawabi da Faransanci, ba abin da nake tsinta sai sunan Husaina, in an faɗe shi kuma sai kowa ya waiwayo ya dube ni yana tafi. Ban san ko in tashi ko in sunkuyar da kai ba. Ƴan mata sunka yi wasa, da dogayen wanduna da ɗankwali. Na ga kwandon da idona, ba shi da gindi kamar yadda sojan nan ya faɗa. Akwai wata gajera a cikinsu mai shiga tsakanin dogaye tana faɗa da kowa. Ita na bi da ido har anka tashi, ban ma san wa ya ci ba.

Sannan anka ja farin ƙyallen da ya rufe dakalin. Hannuwa uku sun fito daga siminti sun tallabi ƙwallo. Na tsakiya ya fi sauran ƙanƙanta. Ga zobena, ga tabon da man tuya ya bar mini a bayan babban yatsa, ga jijiyoyi duk sun fito. A ƙarƙashinsa an rubuta sunan Husaina. Mutane na ta ɗaukar hoto, wasu matan na share hawaye. Ni na tsaya kawai. Ban san wa zan yi wa kuka ba, hannun da nake wanke-wanke da shi ne.

Anka kamo Mushe Idi anka kawo shi gaban dakalin. Ya laluba ya sami nasa, ya wuce shi. Ya taɓa na mai lodi, bai daɗe ba. Da ya zo kan na tsakiya sai ya tsaya. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya shafa bayan hannun inda fata ta yamushe, ya koma ya sake shafawa. Ya san ko hannun wa ne, a gabansa anka yi maganar tun ranar da munka komo. Amma sai na ji ya ce, a hankali, kamar mai ba kansa labari:

"Husaina ta tsufa."

Zali ta matsa za ta yi magana, na riƙe mata zane.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Ashe ta samu tsufa."

Ya ɗan bubbuga hannun kamar yadda ake yi wa yaro in ya yi abin kirki, ya ce a maida shi inuwa.

Jama'a sunka watse wajen abinci, ni na rage a wurin. Na daɗe ina duban tamojin da ke bayan hannun nan. Ni na tara su, a bakin murhu da turmi da wankin ɗiya da jikoki, ga shi an rubuta sunanta a ƙarƙashinsu. Na laluba zuciyata ko zan ji ƙyashi, ban ji ba. Na bar mata su.